Mai Itace a Ras Al Khor

Injin ya tsaya cak a gaban Larabawan da za su zuba jari. Shekara uku wata injiniya Bahaushiya ta yi a Ras Al Khor, unguwar masana'antu a ƙasar Larabawa, tana ƙera shi, don ya riƙa dunƙule busassun rassan dajin Falgore su zama makamashin girki, kafin wutar daji ta cinye su har da gonakin ƙauyensu.

"Khalas," in ji babbansu, wato magana ta ƙare, ya miƙe zai tafi.

Mahaifinta, da ta kawo ziyara, yana raɓe a bakin ƙofa. Itace yake sayarwa tun yana saurayi, kuma tun safe yake ɓuya don kada ya kunyata ta. Ya matso, ya damƙi garin itacen, ya sansana.

"Uwata, wannan bai sha rana ba. Ɗebo na wancan buhun."

Ta ɗebo ta zuba. Injin ya yi tari, sai ga dunƙulen suna faɗowa da zafinsu.

Balaraben ya koma ya zauna. "Wane ne wannan injiniyan?"

"Babana ne," ta ce da Larabci. Sannan ta maimaita da Hausa, da ƙarfi, don shi ma ya ji.