Mazauni a Tsakiyar Jirgi

Shekara tara ke nan da hukuma ta fara raba wa tsofaffi sabuwar ƙwayar ƙarfafa ƙashi. Tun daga nan ba a sake jin tsohon da ya karye ba, masu ɗori duk sun koma noma.

Ranar sunan jikarta, Inna Yalwa ta sauka bakin kogi za ta haye, karon farko tun da ta fara shan ƙwayar. Nomau mai jirgi ya dube ta.

"Inna, kina shan ƙwayar?"

"Ba fashi. Bara na faɗo daga kan rumbu, ƙasa ce ta ji jiki."

"To zauna tsakiya, ki riƙe igiyar nan."

Ita ɗiyar masunta, da ta iya ninƙaya kafin ta iya daka, yau ake miƙa wa igiya? Amma tana sa ƙafa, jirgin ya nutsa har ruwa ya leƙo baki.

A tsakiyar kogi abin ya ƙi barin ranta. Ta saki hannunta cikin ruwa, ta ga ko zai taso kamar da. Sai ya yi ƙasa kamar dutsen niƙa. Ashe ƙwayar ta mayar da ƙashinta dutse.

"Nomau, nan zurfin gaba nawa ne?"

"Inna, riƙe igiyar dai."

Ta riƙe, da hannu biyu.