Hannun Baba da Lemon Tsami

Damina ce, shekarar da farar hula suka karɓi mulki. Kowa a Challawa murna yake, gidanmu kuwa shiru, don mutanen ƙauyenmu sun zaɓi Baba ɗan majalisar jiha, kuma an ce a cikin birni zai zauna.

Kafin nan a kamfanin fata yake aiki. Warin jima ya kama hannunsa, da shi nake gane ya dawo tun yana zaure.

Ana gobe za a rantsar da su, bayan la'asar, ya zauna a kan turmi yana dirje hannu da toka da lemon tsami, ni ina zuba masa ruwa da buta.

Ya miƙo hannun. "Uwata, shinshina. Ya fita?"

"Bai fita ba, Baba. Ku bar shi mana, ai ni ba ya damuna."

Ya yi ɗan murmushi. "Ke ce ba ya damu. A can, in suka ji wari, ba za su tsaya jin maganar rijiyar da ƙauyenmu ke nema ba."

Ya ci gaba da dirza har fatar ta tsage. Daga baya in ya leƙo mu, sai ƙamshin turare, kamar baƙo. Har yau in na bi ta Challawa, 'ya'yana suna toshe hanci, ni ba na iyawa.

Ranar rantsarwar, da ya tafi, Inna ta jefa rigar aikinsa cikin kayan wanki. Na zare ta, na cusa ƙarƙashin tabarmata.