Kek ɗin Matar Akawu

Matar akawu ta faɗo gidan abincin bakin kasuwa da takalmi wari da wari, tana haki.

"Kek ya ƙare, sai an gasa wani," in ji mai wurin.

"Ka rufa min asiri, Baba! Surukata na zaune a falo, ta rantse ba inda za ta sai ta ci kek ɗin nan nawa da ɗanta ke yabo."

Ku ji munafunci: tun aurensu a nan take saye a ɓoye, ta juye a farantinta, ta ɗan shafa fulawa a goshi. Maigidan ya ci ya lashe yatsu, ya ce duk garin ba mai hannunta. Ita kuwa ko kunna tanda ba ta iya ba.

"To bari in roƙi mai gasawar!" Ta ture Baba ta kutsa kicin.

Sai ga akawun nata a gaban tanda, rigar ofis rataye a ƙusa, fulawa har gira.

Ya dube ta, ya jawo tire mai zafi. "Ungo. Ɗauki wanda ya ƙone a gefe, Mama za ta fi yarda ke kika yi."