Tawadar Yaya Hambali

Kwamfuta, maus ɗin sarrafa ta, allon zane na lantarki da alƙalaminsa. Su kaɗai na riƙo a adaidaita daga Zaitawa zuwa Ƙofar Mazugal.

Tun ina karatu a Malesiya nake turo wa Yaya Hambali zanen atamfa, yana goge sunana yana sa nasa. Yau Hajiya Adama mai ba shi kwangila ta ce sai ya zana fure a gabanta. Shi ne ya kira ni in kawo kayan aiki.

Na jera su a teburin shagonsa. "Yaya, da wanne za ka yi?"

Ya ture maus. "Wannan ai na 'yan koyo ne. Miƙo alƙalamin, 'yar boko."

Ya duƙa kan baƙin allon yana ta gogawa. Bai ɗaga kai ba, balle ya ga layukansa suna fitowa a fuskar kwamfuta. Ya girgiza alƙalamin, ya hura masa iska.

"Muhsina! Wanda tawadarsa ta ƙare kika kawo min?"

Hajiya ta dube shi. "To wa yake yi min zanen?"

Na jawo maus, na fitar da furen.

Hajiya ta miƙe, ta kama hannuna. "Taso mu tafi, 'yata."

Duk zanen nan da maus na yi su. Yaya ya iya riƙe maus, da shi ya zaɓa da ya lallaɓa ya tsira. Allon dominsa na saya, don na san Yaya ba ya zaɓar abu mai araha a gaban mutane.

Na rufe ƙofar motar Hajiya. Daga yau sunana ne a gefen kowace atamfa.