Ranar da Baba Ya Yi Fari a Kasuwar Magariya

Zamanin nasara ne, ina yaro ƙarami. 'Yan gidanmu suna kirana Duna saboda baƙina, ni kuwa kullum ina roƙon Allah a ɓoye ya mayar da ni fari kamar ɗan baffana.

Wata ranar kasuwar Magariya, bayan azahar, Baba ya tafi da ni wurin wani mai hoto da ya zo daga Kano da akwati mai ƙafa uku. Baba ya zauna, aka ɗauke shi hoto. Mutumin ya zura hannu cikin akwatin, ya zaro takarda a jiƙe, da wani warin tsami da har yau nake ji a hancina. Na leƙa. Baba, wanda ya fi ni baƙi, ya fito fari fat, farar hularsa ta koma baƙa!

Na dinga tsalle ina ihu: "Baba ya zama nasara! Malam, sa ni cikin akwatin, ni ma sa ni!"

Baba ya duba a tsanake. "Subhanallahi! Wannan in ya yi sallama a gidana, da muciya uwarka za ta kore shi."

Mai hoto ya yi dariya. "Juyin farko ke nan, maigida."

Ya kafa takardar gaban akwatin, ya sake ɗaukarta. Sai ga Baba ya dawo baƙinsa wuluk.

"Yauwa, ga mijinta," in ji Baba. Ya dafa kaina. "Ga kuma uban Duna."

Allah ya jiƙansa. Daga ranar ban sake yin waccan addu'ar ba.