Ɓerayen Safiyatu

"Baba Nathan, mun gama!" Safiyatu ta ce da mai kula da ɓerayen gwajinta, har da 'yar rawa.

Shekara uku tana auna su a Gwagwalada, maza da mata, da sharaɗin abinci iri ɗaya. Yau ta tabbatar: in sun tsufa matan sun fi laushi, amma zuciyarsu ta fi ta mazan ƙarfi. A kan wannan za a ba ta digirin dakta.

"Ba don amanarka ba, Baba..."

Ya yi murmushi. "Ai dole su yi ƙarfi, 'yata. Tun da na ga ƙafarsu na rawa, kullum ina ƙara wa matan zogale da ƙuli-ƙuli. Ban gaya miki ba ne don kar ki hana."