Kafin a Duba

Malam Dantong ya zana ψ a allo.

"Wannan ita ce psi. Ba ta nuna inda ilektiron yake. Ka ninka ta da kanta, ta ba ka yiwuwar samunsa nan ko can. Kafin a duba, yana iya kasancewa ko'ina."

Yau kwana huɗu da ɓatan 'yarsa Ana, amma bai fasa zuwa aji ba.

Ɗalibinsa Hammawa ya sake ɗaga hannu. Tun jiya malamin ke ƙin kallonsa.

"Malam, ba tambaya ba ce. Babana ya kai shanu kududdufin masu haƙar kuza, can ya tsinci wannan..."

Ya ajiye ƙaramin takalmi, duk laka, a kan benci.

Malam Dantong bai juyo ba.

"Don Allah zauna, Hammawa. Muddin ban duba ba, tana ko'ina."